Wa Ya Ɗaga Hannu a Majalisa? Wasiƙa Daga Damagaram Kan Aikin Depite

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Mun rubuto ne daga Damagaram a kan wata gardama da ba ta ƙarewa a fadojin shayi na Birni da Zango da Sabon Gari, tun daga ranar 26 ga Yuli 2023 da aka rusa majalisar dokokin ƙasa: waɗanda muka tura Yamai, me suka yi mana? Mai son depite, wato ɗan majalisar dokoki, zai ce ya yi aiki, ya kafa hujja da rijiyar da ya gina a ƙauyensu ko kuɗin maganin da ya biya wa wani. Mai ƙinsa zai ce ɗumama kujera kawai ya je yi. Ana sha na ɗaya, a sha na biyu, a sha na uku, gawayi ya mutu, ba wanda ya fito da takarda guda da ke nuna abin da mutumin ya zaɓa ranar da aka kaɗa ƙuri'a a kan haraji ko bashi. Laifin ba na masu gardamar ba ne. Takardar ce ba a saba rubutawa ba, kuma a kanta muke so mu yi magana.

Za mu ɗauki misali da ɗan majalisar da ya fi kowa suna a wannan jiha, Alhaji Mahaman Usman, wanda magoya bayansa ke kira Nafarko. Mun zaɓe shi ne don tarihinsa a fili yake, kuma ya zauna a ɓangarori biyu na teburin: ya yi shugaban ƙasa majalisa na ja da shi, ya kuma shugabanci majalisa kusan shekara goma. An haife shi a Damagaram a 1950, ya yi karatun tattalin arziki da ƙididdiga, ya jagoranci jam'iyyar CDS-Rahama tun kafuwarta a 1991. A zagaye na biyu na zaɓen Maris 1993 ya kayar da Tanja Mamadu da kashi 54 cikin ɗari da ɗoriya, bayan jam'iyyun ƙawancen AFC, masu adawa da MNSD ta Tanja, sun taru a bayansa.

Abin da ya biyo baya darasi ne a kan ƙarfin kujera ɗaya a majalisa. A lokacin kujeru 83 ne. MNSD na da 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11, saura na ƙananan jam'iyyu. Ke nan rinjayen shugaban ƙasa na aro ne, a hannun abokan ƙawance yake. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da firaministansa Mahamadu Isufu a kan iyakar ikon kowannensu, Isufu ya yi murabus a Satumba 1994, jam'iyyarsa PNDS ta kwashe kujerunta ta koma wajen MNSD. Gwamnatin da aka naɗa bayansa ba ta yi wata guda ba majalisa ta kayar da ita da ƙuri'ar yanke ƙauna. Shugaba ya rusa majalisa, aka koma zaɓe ranar 12 ga Janairu 1995, sakamako ya fito 43 da 40, 'yan adawa ke gaba. Kujera uku kacal, amma su suka tilasta masa naɗa Hama Amadu firaminista a Fabrairu 1995, Isufu kuma ya hau shugabancin majalisa. Aka shekara ana zaman doya da manja, taron ministoci ma ya gagara sau da yawa, har Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Adalci ne a faɗi cewa a cikin wannan rikicin ne aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, kuma faɗuwar darajar sefa ta Janairu 1994 ba shi ya jawo ta ba, a kansa dai ta faɗo.

Aikinsa na ɗan majalisa sosai ya soma ne a 1999. Ya zo na uku a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, Tanja ya ci. MNSD ta samu kujeru 38, CDS 17, suka haɗa 55 cikin 83, aka zaɓe shi shugaban majalisa a ƙarshen Disamba 1999. A 2004 aka maimaita: ya sake zuwa na uku, ya sake bin Tanja, ya sake hawa kujerar, wannan karo a majalisa mai mutum 113 wadda CDS ke da 22 a ciki. Mutane da yawa na ɗauka shugaban majalisa mai raba magana ne kawai, ya ba wannan ya karɓe daga wancan. Ikonsa ya wuce nan. Shi ke jagorantar taron da ke tsara jadawalin aiki, tare da shugabannin rukunonin jam'iyyu da na kwamitoci, kuma a wannan taron ne ake yanke dokar da za ta shigo zaure a wannan mako da wadda za ta kwana a aljihun tebur. Tambayar da depite ya shirya wa minista ma sai an ba ta rana. To in shugaban majalisa abokin ƙawancen gwamnati ne, ƙasa na samun kwanciyar hankali, kuma lalle an samu, don daga ƙarshen 1999 zuwa 2009 an yi shekaru goma ba juyin mulki. Amma sa ido a kan gwamnati yana raguwa, tunda ba a cika tona asirin wanda ake cin tuwo a akushi ɗaya da shi ba. Duka biyun na cikin ma'auninsa.

A wannan zamanin aka yi dokoki biyu da suka cancanci a tuna. Dokar kason mata ta 2000 ta wajabta a ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, daga baya majalisun da suka biyo suka ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Sai gyaran kundin hukunta laifuka na 2003 da ya mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Inda muke so mai karatu ya tsaya shi ne farkon 2005. Watanni kaɗan bayan zaɓe, majalisa ta amince da dokar kasafi da ta ɗora harajin TVA, wato wanda ake ƙarawa a kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki. A tuna wace shekara ce: daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta yi ɓarna, rumbuna sun soma ƙarewa tun kafin bazara, kuma jihohin Damagaram da Maradi na cikin waɗanda yunwar 2005 ta fi yi wa illa. A irin wannan hali aka ƙara wa burodi da sukarin koko tsada. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito a watan Maris, aka yi zanga-zanga, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama jagororinsa, sannan a Afrilu gwamnati ta ja da baya, ta cire harajin daga madara da fulawa, ta sassauta a ruwa da lantarki. Wannan doka ta bi ta zauren da ɗan Damagaram ke shugabanta, jam'iyyar da Damagaram ta fi zaɓa kuma tana cikin masu rinjaye. A ganinmu wannan tabo ne a tarihin wannan majalisa, kuma ba ya gogewa don an janye daga baya, tunda titi ne ya janye shi, ba zaure ba. Amma in mutumin Mirya ko Magarya ya ce a nuna masa ko depiten yankinsu ya ɗaga hannu a ranar, ko ya ƙi, ko ba ya nan ma, ba takardar da za a miƙa masa. Abin da ake sanarwa jimla ce: masu goyon baya kaza, masu ƙi kaza, 'yan ba-ruwanmu kaza.

Haka aka yi a Yuni 2006 da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka a kan haƙƙin mata. Majalisa ta ƙi ta da ƙuri'a 42, masu so 31, mutum 4 suka ƙaurace. A haɗa, 77 ke nan cikin 113. Ƙuri'a 36 ba su fito ba a kan batun da malamai suka yi ta wa'azi a kansa, ƙungiyoyin mata kuma suka yi ta kai da kawo. Ba muna cewa wane ɓangare ne ke da gaskiya ba. Malamin da ya ƙi yarjejeniyar da matar da ta so ta, dukansu sun kaɗa ƙuri'a a 2004, dukansu suna da haƙƙin sanin ko wakilinsu na cikin 42, ko 31, ko yana cikin waɗanda suka sulale.

Ƙuri'ar da ta fi kowace girgiza Jamhuriya ta Biyar, wato zamanin kundin tsarin mulkin 1999, ita ce ta 31 ga Mayu 2007. 'Yan adawa sun shigar da takardar yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadu a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, wadda aka fi sani da MEBA. Ana buƙatar fiye da rabin 113, wato 57. Bisa rabon zaɓen 2004, PNDS da ƙawayenta 25 ne da su, masu rinjaye 88. Da aka ƙirga, takardar ta samu 62, gwamnati ta faɗi, aka naɗa Saini Umaru. A cire 25 daga 62, saura 37. Mutum 37 aƙalla daga cikin masu rinjaye suka juya wa gwamnatinsu baya. MNSD na da 47, sauran abokan ƙawancenta, CDS da RSD da RDP da ANDP da PSDN, sun haɗa 41. Lissafi ya nuna za a iya kai wa 62 ba tare da ƙuri'ar ɗan MNSD ko ɗaya ba, ya kuma nuna zai yi wuya ƙwarai a kai in CDS mai 22 ta tsaya gaba ɗaya a bayan firaminista, sai dai in 'yan MNSD da yawa ne suka sare shi. Iyakar abin da lissafi ke bayarwa ke nan, don ƙuri'ar ta asiri ce. A nan kam muna goyon bayan asirin. Da hannu aka ce a ɗaga, a gaban shugabannin jam'iyya da kyamarar talabijin, da wuya a samu goma daga cikin 37 ɗin nan. Ƙuri'ar da ake kayar da gwamnati da ita, da wadda ake zaɓen mutum da ita, su ne suka dace da akwati. Haraji da bashi ba su dace da shi ba, kuma ba su dace da hannun da za a ɗaga a sauke ba a rubuta sunan mai shi ba.

A 2008 majalisar ta zubar da mutuncinta da kanta, da ta yi dokar ƙara wa 'yan majalisa alawus a lokacin da tsadar abinci ta addabi jama'a. Ƙungiyoyin farar hula suka fito, Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar ta saɓa wa kundi. Wannan ya sa da ranar wuya ta zo, talakawa da yawa ba su ga dalilin yi wa majalisa kuka ba. Ranar kuwa ta zo da wuri. A nan jiharmu, a bikin aza harsashin matatar mai a Oktoba 2008, aka soma ɗaga muryar tazarce a fili, wato Tanja ya zarce bayan wa'adinsa na biyu. Kundin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'ida. Wasu 'yan majalisa suka nemi ra'ayin Kotun Tsarin Mulki, kotun a ƙarƙashin Fatimata Bazai ta ce ranar 25 ga Mayu 2009 zaɓen raba gardamar da ake shiryawa don sauya kundin bai halatta ba, washegari Tanja ya rusa majalisa. Mahaman Usman ya ƙi tazarce, CDS ta janye ministocinta a watan Yuni, ya shiga sahun masu adawa, alhali yana shugaban majalisar dokokin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun 2006. An yi zaɓen raba gardamar ranar 4 ga Agusta, CEDEAO ta dakatar da Nijar a Oktoba, soja suka kifar da Tanja ranar 18 ga Fabrairu 2010. Wannan tsayuwar tasa ita ce mafi nauyi a tarihinsa na majalisa, don ya rasa kujera da ƙawancen shekara goma a kanta. Masu sukarsa na cewa tazarce hanyarsa ta zuwa fadar shugaban ƙasa ta tare, shi ya sa ya ƙi. Ko da haka ne, abin da ya tsaya a kai shi ne abin da kundi ya ce.

Bayan nan labarin gajere ne. CDS ta sauko zuwa kujeru 3 a 2011, a zaɓen da aka yi watsi da jerin 'yan takara masu yawa na jam'iyyu daban-daban saboda takardu ba su cika ba. Jam'iyyar ta dare, shugabancinta ya koma hannun Abdu Labo, shi kuma ya yi takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri, sannan ya kai zagaye na biyu a Fabrairu 2021 da RDR-Canji, inda aka ba shi kashi 44 da ɗoriya a gaban Bazum Mohamed, sakamakon da bai amince da shi ba.

To in mutumin da duniya ta sani haka tarihin ƙuri'unsa yake da giɓi, ina ga sauran? Jihar Damagaram ta tura fiye da mutum talatin majalisa mai kujeru 171 da aka soma a 2016. A tsarin da aka bi kafin juyin mulkin 2023, matsalar tana somawa ne tun daga rumfar zaɓe. Jiha gaba ɗaya mazaɓa guda ce, daga Tanut har Dungas, daga Takeita har Gure. Mai zaɓe yana dangwala wa alamar jam'iyya ne, ba sunan mutum ba. Ana raba yawan ƙuri'u da yawan kujeru a fitar da kason kujera ɗaya, kowace jam'iyya ta ɗauki gwargwadon abin da ta samu, ragowar kujerun a raba su ta hanyar matsakaici mafi girma. Jam'iyya ce ke rubuta jerin sunaye, ita ke da ta cewa a kan wanda zai zauna. Teskar ce kaɗai a jiharmu ke da kujera ta musamman ta mutum ɗaya, cikin kujeru takwas da aka ware wa ƙananan ƙabilu, kuma ta nan Bazum ya sha shiga majalisa. Sakamakon wannan tsari shi ne depite ya fi tsoron ofishin jam'iyya a Yamai fiye da mai zaɓe a Kance. Kundin 2010 ya ƙara ɗaure shi: in ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujera, mataimakin da aka rubuta tare da shi ya hau, in kuwa korarsa aka yi sai ya zauna a matsayin mai zaman kansa. An yi wannan ne don hana yawon siyasa, kuma ya rage shi, amma ya sa kafin kowace babbar ƙuri'a rukunin jam'iyya ke zama a ɗaki ya ba da umarni, a fito zaure a ɗaga hannu tare.

Wanda ke son auna depite da gaskiya sai ya bi doka daga tushenta. A majalisar da aka rusa a 2023, mafi yawan dokoki daga gwamnati suke fitowa: taron ministoci ya amince, a aika ofishin majalisa, taron jadawali ya miƙa wa ɗaya daga cikin kwamitoci bakwai na dindindin, kamar na kuɗi da kasafi, na raya karkara da muhalli, na tsaro, ko na harkokin jama'a da al'adu. A kwamiti ake aikin gaske. Nan ake kiran minista da daraktocinsa, a bi doka aya-aya, a sauya kalma, a rage adadi. Depiten da ya iya aiki a nan ake gane shi, kuma nan ne rediyo ba ta shiga. Daga nan rahoto ya zo zaure, a yi muhawara, kowane rukuni ya bayyana matsayinsa, a kaɗa ƙuri'a. Kafin shugaban ƙasa ya sa hannu, wanda kundin 2010 ya ba shi kwana 15, kashi ɗaya cikin goma na 'yan majalisa na iya kai dokar Kotun Tsarin Mulki. Wurare uku ne abin ke lalacewa. Akwai wakilcin ƙuri'a: an yarda wanda ba shi da lafiya ko yake bakin aiki a wani wuri ya ba abokinsa takarda ya zaɓa masa, mutum ɗaya wakilci ɗaya, shi ya sa za ka ga zaure da kujeru fayau amma a sanar da adadi mai yawa. Akwai dokar ba da izini, wadda majalisa ke yi a ƙarshen zama ta ce gwamnati ta ci gaba da yin dokoki da kanta a lokacin hutu, kuma ta wannan ƙofa yarjejeniyoyin bashi da yawa suka bi, sai daga baya a kawo su a albarkace su a jere. Sannan akwai dokar da aka yi aka tafa, amma dikirin, wato umarnin gwamnati da zai sa ta aiki, bai fito ba, ta zauna a jaridar gwamnati kamar gatari ba ƙota. Shi kansa depite in ya kawo doka tasa da za ta ƙara wa baitulmali nauyi, ba a karɓarta sai ya nuna inda kuɗin zai fito. Duk ɗan takarar da ya yi alkawarin zai yi dokar gina hanya ko asibiti, a tambaye shi wannan.

Mu ɗauki ruwa, tunda shi ne ciwon wannan gari. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya Ganaram. Duk wanda ya fita da asuba a watan Afrilu ya san jerin jarkoki rawaya a bakin famfon da ba ya kawowa, an sa dutse a kan kowace don riƙe layi, ga 'yan garuwa na tura kura a yashi, ga yara mata da ya kamata a ce suna aji suna zaune a kan jarka. Kowane ɗan takara ya yi rantsuwa a kan ruwan nan. Ga yadda ake gane wanda ya bi maganar. A zaman kasafi na ƙarshen shekara, a duba kason ma'aikatar ruwa, ɓangaren gine-gine, a ga ko akwai layi mai sunan Damagaram, nawa aka rubuta, kuma daga aljihun ƙasa ne ko bashi ko tallafin waje, don kuɗin waje yana da sharuɗɗan da kan jinkirta shi. Rubutawa ba bayarwa ba ce. Ma'aikatar kuɗi na sakin kaso ne kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya shigo, kuma a tsakiyar shekara akan kawo kasafin gyara, inda ake yanke kuɗin gine-gine a kai wani wuri, galibi tsaro a shekarun baya-bayan nan. Abin da aka kashe da gaske sai a dokar rufe lissafin shekara ake ganinsa, bayan Kotun Binciken Kuɗi ta duba, ita kuwa wannan doka takan zo a makare, lokacin da hankalin kowa ya bar wurin. Depiten kirki shi ne wanda ya bi layin nan a duk matakan, ya rubuta wa minista tambaya da ya ga an yanke, ya kira shi zaure in amsa ba ta gamsar ba. Haka ma batun mai: doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen albarkatun ƙasa ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙowa, matatar SORAZ mai tace ganga dubu 20 a rana tana aiki a jiharmu tun Nuwamba 2011, kuma tambayar nawa ya shigo asusun ƙananan hukumominmu ta dalilinta tambaya ce da depite ke da ikon yi a rubuce, a amsa masa a rubuce.

Sai dai mu ma masu zaɓe muna da namu kason. In majalisa ta tafi hutu, a je ƙofar gidan depite da hantsi. Tabarma cike: wannan riƙe da takardar magani an ninke ta huɗu, wancan suna gare shi jibi, ga mai neman kuɗin mota zuwa Yamai, ga matasa 'yan kabu-kabu suna jiran na mai. Ba mai rainin buƙatar waɗannan bayin Allah, talauci ne ya kawo su. Amma albashi ba ya ɗaukar wannan nauyi, kuma depiten da ya ƙudura sai ya sallami kowa dole ya nemi kwangila ko alfarma a wajen ministan da aka tura shi ya sa wa ido. Ranar ƙuri'a kuwa ba ya iya kallon idon ministan ya ce a'a.

Ƙuri'a ta ƙarshe da za mu ambata ita ce ta 22 ga Afrilu 2022, da majalisa ta amince da girke ƙarin sojojin ƙasashen waje a Nijar bayan an sallame su daga Mali, 131 suka yarda, 31 suka ƙi. Yau mutane da yawa na cewa suna cikin 31 ɗin, ko da zuciya. Da an rubuta sunaye, da magana ta ƙare.

Yanzu ba majalisar zaɓe. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗibi shekara biyar, majalisar da ke akwai ta ba da shawara ce, naɗa mambobinta aka yi. Duk ranar da za a zauna rubuta dokokin cikin gida na majalisa mai zuwa, muna roƙon a sa waɗannan. Duk ƙuri'a a kan kasafi, haraji, bashi, yarjejeniyar soja ko ta ma'adinai, da albashin 'yan majalisa kansu, a kira suna ɗaya-ɗaya ko a yi da na'ura mai riƙe suna, a buga sakamakon cikin mako guda, a nuna wanda ya zaɓa da kansa da wanda aka zaɓa masa. A riƙa fitar da rajistar halarta ta zaure da ta kwamiti a ƙarshen kowane zama, tare da tambayoyin da kowa ya yi wa ministoci da ranar da aka amsa. A cire yarjejeniyar bashi daga abin da ake ba gwamnati izinin yi a lokacin hutu. Tunda kuma kundin 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, a fitar da waɗannan takardu da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ofishin kowane magajin gari, a karanta a gidajen rediyon jiha yadda ake karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, a kuma fassara wa masu jin Kanuri da Fulatanci da Tamashek da Tubanci.

Ku ma 'yan jarida akwai abin da za ku iya tun yau, Malam Edita. Tsofaffin 'yan majalisar jiharmu suna nan da ransu, a Yamai da Damagaram da garuruwansu. Rahotannin zaman majalisa da na kwamitoci suna ma'ajiyarta, jaridar gwamnati na ɗauke da dokokin, gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya watsa manyan muhawarori da yawa. Ku ware shafi guda a kowane fitowa ga depite ɗaya: shekarun da ya yi, kwamitin da ya zauna, tambayoyin da ya yi, da matsayinsa a kan harajin 2005, kasafin 2018 da ya jawo zanga-zanga da kame-kame, dokar laifukan intanet ta 2019, da ƙuri'ar Afrilu 2022. A tura masa tambayoyin a rubuce, a ba shi mako biyu, a buga amsarsa yadda ya ba da ita. In ya ƙi amsawa, a buga tambayoyin da ranar da aka kai masa su.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar ayyukan majalisa,
Damagaram.